Fozitif Ɗin Da Ka Kai Majalisa

Zuwa ga Baban Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba mace ta yi wa mijinta, ina fatan kana nan lafiya, kai da ƙaninka da iyalinsa da duk mutanen Katabu da suka ba ka masauki. Ina gaishe ka da hidima, in dai akwai wata hidimar da kake yi ban da zaman benci da latsa waya. Mu nan Badarawa mun gode Allah.

Na san za ka ga wannan rubutun. Waya dai ka daina ɗauka, saƙo kuma ko ya shiga ba ka buɗewa, amma an tabbatar mini ba a taɓa sa hoton ɗan siyasa a Fesbuk ka wuce ba ka tofa albarkacin bakinka ba. To ga ni na biyo ka inda kake zama. Masu karantawa za su ce ba tarbiyya ba ce mace ta fito da zancen ɗaki waje, kuma sun yi gaskiya, ba haka aka rene ni ba. Sai dai kai ka fara fitar da shi, a gaban maza, a ƙofar masallaci, kuma abin da ka fitar ɗin ƙarya ne.

Bari in tuna maka daga farko, tunda na ga mantuwa ta yi maka yawa.

Da tari abin ya fara. Abokan aikina a makaranta suka ce ƙurar alli ce, shekara da shekaru ina shaƙa a gaban allo. Mai kemis ya ce sanyi ne. Wani ya ce tarin tibi ne, na sha maganinsa har na gaji, tari bai san ana yi ba. Duk wannan yawon a bayan mashin ɗinka na yi shi, daga Unguwar Shanu zuwa Kawo, daga Kawo zuwa cikin gari. Da hannunka kake dafa mini citta da kanumfari. Ba zan ci haƙƙinka ba, a lokacin miji ne kai.

Aka yi hoton ƙirji, aka yi sikanin, aka soka mini allura ta baya aka ciro 'yar tsoka daga huhu. Aka ce ciwon daji ne. Ni da ko hayaƙin tabar wani ban yarda ya bi ta gefena ba. Ranar a bakin ƙofar asibiti ka cire hularka ka share fuska da ita, ka ce, "Tare za mu ci wannan jarrabawar." Na riƙe wannan maganar, don ban taɓa jin ka faɗi abin da ya kai ta daɗi ba.

Kana zaune a gefena lokacin da likitar ta yi mana bayanin magani. Ta ce dajin huhu sunansa ɗaya amma halinsa ba ɗaya ba ne. Akwai wani magani da ake sawa a ƙarin ruwa, shi ba ya taɓa ciwon kai tsaye, garkuwar jikin mutum yake tayarwa ta yi yaƙin. Wasu yana yi musu aiki sosai, wasu kuwa kamar an zuba ruwa a kwando. Don haka ba a fara shi da ka, sai an aika 'yar tsokar nan an duba wasu alamomi a jikinta.

Na ce mata ni malamar firamare ce, ta yi mini bayani yadda zan yi wa 'yan ajina. Ta yi dariya ta ce in ɗauka jikina gidan biki ne, sojojin jini kuma su ne masu tsaron ƙofa. Ƙwayoyin dajin wasu mutane sukan ɗinka ankon gidan su sa, masu tsaro su ɗauka 'yan gida ne su ba su hanya. Ankon nan shi ne alama ɗaya, sunanta PD-L1. In an same shi da yawa, to akwai sa rai maganin ya hana ankon rufe idon masu tsaro. Akwai wata alamar kuma, EGFR, ita in an same ta, yawanci wannan ƙarin ruwan ba ya yin abin kirki, sai a koma wa ƙwayoyin sha. Ta ƙara da cewa ko alamomin sun fito yadda ake so, ba alkawari ba ne, sa rai ne kawai.

Duk wannan an faɗe shi da Hausa, Baban Walida. Hausa tsantsa, ta Bazazzagiya. Kana gyaɗa kai kana cewa "haka ne, haka ne", ashe kana can kana duba wayarka a ƙarƙashin tebur.

Ranar da sakamako ya dawo, fuskar likitar a sake take. Ta ce gwajin EGFR ɗin negatif ne, na ankon kuma fozitif ne, fozitif sosai ma, don haka za a yi aiki da garkuwar jikina. Na ɗaga hannu na ce alhamdulillahi. Tun da aka fara wannan wahala ban taɓa jin labari mai daɗi ba sai ranar. Na juyo in ga fuskarka, na ga ka miƙe. Ka ce bari ka duba mashin, ba ka tabbata ka kulle shi ba.

Na jira ka a benci har masu shara suka fara ɗaga ƙafafun mutane. A keke na dawo gida.

Sai daga baya na gane lissafin da ka yi. Kalma biyu ka tsinta ka fita da su: fozitif, da garkuwar jiki. Kai da rediyo ba ta barin kunnenka, ka shekara nawa kana jin ana cewa "cuta mai karya garkuwar jiki", ana cewa a je a yi gwaji. A kanka duk inda aka ce fozitif, ƙanjamau ake nufi. Kai ɗin nan da kake gyara wa masu karanta labarai Turanci daga kan tabarma, kake cewa ka yi aikin gwamnati har ka yi ritaya ba wanda ya taɓa juya ka da takarda. Mai tada garkuwa da mai karya garkuwa, ka kasa rabewa. Da 'yan ajina ne suka yi wannan, da sun sha jan biro.

Da ka tambaye ni, da magana ta ƙare a tsakar gida kafin shayi ya huce. Ba ka tambaya ba. Sai ka lallaɓa ka je aka gwada jininka, aka ce ba ka da komai. Da wani mijin ne, da ya ce to ashe na yi kuskuren ji. Kai sai ka ce to in ni ba ni da ita, ita a ina ta samo?

Wannan tambayar ka ɗauka ka kai majalisarku ta ƙofar masallaci bayan la'asar. An kawo mini maganarka yadda ka faɗe ta, kuma ba mutum ɗaya ya kawo ba. Ka ce, "Sun sakaya sunan ne kawai suka ce daji. Da kunnena na ji an ce fozitif." Ka ce Allah ne ya tsare ka. Washegari ka ɗaure jaka a bayan mashin, wai za ka je duba ƙaninka a Katabu. Har yau kana duba shi. Allah ya ba shi lafiya, wannan ciwo nasa ya daɗe.

Shekarun da muka yi tare, na haifa maka 'ya, na binne maka biyu, na yi jinyar mahaifiyarka har ta cika a hannuna. Ko ɗaya daga ciki bai tsaya maka a maƙogwaro ba lokacin da kake maganar.

Bari in gaya maka abin da ka bari a baya, tunda ba ka tsaya ka gani ba.

Yayarka, Yaya Talatu, ta zo dubiya. Na sa Walida ta kawo mata ruwa, ta ce tana azumi. Ranar Asabar ce, kuma na ga jan goro a bakinta. Mai kitsona da muka yi shekaru tare ta aiko cewa hannunta na ciwo. A gidan suna aka ajiye mini kwanona daban, da cokali daban, ana ta yi mini sannu daga nesa.

'Yan'uwana suka ɗauki nauyin maganin, aka fara. Likita ta riga ta gargaɗe ni cewa sojojin da aka tayar wani lokaci sukan wuce gona da iri, su taɓa fatar mai gidan da hanjinsa. Haka kuwa aka yi. Ƙuraje suka feso mini a hannu da wuya, gudawa ta sa ni gaba, na ƙara ramewa. Ka ga an gama ke nan. Tari, rama, ƙuraje, gudawa, ga kuma shaidar miji. Duk wanda yake shakka a layinmu ya daina.

Abin haushin, a daidai lokacin nan ne nake samun sauƙi. Aka sake sikanin, likita ta juyo mini allon ta nuna mini yadda abin ya motse. Tari ya lafa. Na fara hawa matakalar asibiti ba tare da na tsaya ba, na koma cin tuwo. Na fito da labarin a bakina, na rasa wa zan gaya wa. Sai na kira lambarka, don wauta irin tawa. Ta yi ta ƙara har ta katse.

Kuma tsaya in tambaye ka. A ce ma ƙanjamau ɗin ce, sai me? Akwai wata baiwar Allah, ba zan faɗi ko wace ce ba, tana ɗauke da ciwon da ka laƙa mini, daga mijinta ta samu, tana shan maganinta tana renon 'ya'yanta. Ita ce ta ji labari ta zo ta zaunar da ni ta yi mini kitso, ta ci abinci kwano ɗaya da ni. Ta ce, "Malama, na san wannan kallon da ake yi miki." Ta fi ka, Baban Walida. Ta fi duk majalisarku a haɗe.

Ni dai da a kaina abin ya tsaya, wallahi da ban rubuta ko harafi ba. Na girmi bin mutane ina rantsuwa. Amma ka manta wa ke zama a majalisar nan. Kawun Nura yana nan a kan benci ranar da ka yi maganar. Nura da aka sa wa rana da 'yarka, aka fara haɗa lefe, muka fitar da anko, ni da ƙawayena muka zaɓi atamfar. Ba a yi mako ba suka aiko cewa a ɗan dakata, akwai abin da ya taso.

Yaron nan bai gudu ba. Shi yake kai ni asibiti wani lokaci, shi yake riƙe mini jaka. Shi da Walida sun je sun yi duk gwajin da ake yi kafin aure, sun kai gidansu, an gani. Mahaifiyarsa ta ce ba ta musa takarda ba, amma ita ba za ta haɗa zuri'a da gidan da uba ya tsaya a bainar jama'a ya ce matarsa ta ɗebo ciwo a waje ba. Ta ce, "Daga bakin uban yarinya muka ji, daga bakinsa za mu ji warwara." Na ji zafin maganar, amma na kasa ganin laifinta. In uba ya faɗa, wa zai ƙaryata?

Walida ba ta yi maka kuka a waya ba, don ba ka ɗauka. Ta daina zuwa islamiyya. Masu kawo mata ɗinki sun ragu. Tana zaune a kan keken ɗinkinta tana taka shi, ko zare ya ƙare wani lokaci ba ta lura ba. In an ambaci sunanka sai ta tashi ta shiga ɗaki. Yarinyar da in ka dawo daga aiki ita ke rugawa ta karɓi hularka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ka sani. Ka san ƙarya ce. Yaya Sani, wana, ya je har Katabu ya taso ka gaba zuwa wurin likita. Da izinina ta sake yi maka bayanin anko tun daga farko. Ta gaya maka an gwada ni ƙanjamau tun kafin a sa mini ɗigon magani, haka ake yi wa kowa, kuma babu. Yaya Sani ya ce ka yi ta murza hula, daga ƙarshe ka ce, "To ai ba a yi mini bayani haka ba." An yi maka, kana latsa waya.

Bayan nan sai ga Yaya Talatu da kwalbar zuma da ledar dabino, wai in ji ka, Allah ya ƙara sauƙi. Ka zubar da mutuncina a gaban maza, ka aiko da zuma ta hannun mace. Tana nan a kan firji, ko murfin ba a buɗe ba. Na san abin da ya hana ka. Ba za ka iya zama a gaban mutanen da kake yi wa fassarar labaran duniya ka ce kai ne ba ka gane kalma ɗaya ba. Gara a ce matarka mazinaciya ce da a ce Turancinka bai kai ba.

To yanzu ga labarin da ba ka ji ba. Tarin ya dawo. Aka yi sikanin, aka sake ciro tsoka. Likita ta ce dajin ya sake dabara. Ya daina dogara da anko, yanzu ya goge kamannin da sojojin ke gane shi da su gaba ɗaya, suna wucewa ta gabansa ba su gan shi ba. Ta ce haka yake faruwa ga wasu, maganin ya yi aiki sannan ciwon ya bijire masa, kuma har yanzu masana na neman alamar da za ta nuna tun da wuri wa zai bijire. Na ce mata in sun samu, su taimaka su nemo ta mazaje ma, a riƙa dubawa kafin a ɗaura aure. Ta fara dariya, sai ta ga ni ba dariya nake ba.

An dakatar da ƙarin ruwan, an koma wani maganin mai zubar da gashi, wanda zai ɗan ja mini lokaci. Na tambaye ta kai tsaye, ban son kwana-kwana. Ta ce rai na hannun Allah, amma in akwai abin da nake son gani da idona, kada in jinkirta shi.

Abu ɗaya ne, kuma ka san shi.

Rediyonka na nan a kan taga inda ka bar ta. Na so in ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, na kasa. Wani lokaci da hantsi in na gaji da kwanciya nakan kunna ta, in ji ana karanta labarai, sai in tsinci kaina ina jira ka ce "ba haka ake faɗa ba". Na tuna ranar da aka haifi Walida, ka rikice ka zo asibiti da takalmi wari da wari, ungozoma na ta yi maka tsiya. Na tuna yadda in za ka hau gadar Kawo kake cewa in riƙe ka da kyau, alhali ba gudu kake ba. Wannan mutumin nake nema. Na san yana nan a cikin wancan da ke zaune a Katabu, kuma haushin da nake ji ma na rashinsa ne. Ban daina sonka ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi.

Ba cewa nake ka dawo gida ba. In ka dawo ƙofa a buɗe take, in ba ka dawo ba Yaya Sani da Walida sun iya jinya. Na fara bin mutane ina neman gafara, kamar yadda mai irin halina ya kamata ta yi, kuma duk wanda ya nema a wurina na ba shi, har Yaya Talatu da mai kitso. Barina da ka yi a bencin asibiti, na yafe. Wayar da ba ka ɗauka ba, na yafe. Amma sunan Walida ba nawa ba ne balle in yafe shi.

Ka hau mashin ɗinka, hanyar Zariya ce miƙaƙƙiya, ba ɓata za ka yi ba. Ka yi la'asar a masallacinmu. In an fito an zauna, ka tabbata kawun Nura na nan, ka buɗe bakin nan da ka faɗi ta farko da shi. Ka ce ciwon daji ne a huhun matarka. Ka ce fozitif ɗin da ka ji albishir ne aka yi mata, kai ne ba ka gane ba. Ka ce ba ta taɓa cin amanarka ba. Ba sai ka yi Turanci ba.

Nawa ankon an riga an ɗinka. Walida ce ta ɗinka mini tun kafin ka tafi, riga da zane da ɗankwali. Na gwada shi kwanaki ya yi mini yawa, ta rage. Jiya na sake gwadawa, ta durƙusa da allura a baki tana kama gefen. Ba sauran wurin ragewa da yawa, Baban Walida. Ko dai in sa shi in zauna a tsakar gida ana guɗa, ko a fito da shi daga akwati a raba cikin kayan gado. Na biyun ba a hannunka yake ba, amma na farkon yana bakinka.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da za ka ce ka yi kuskure. Allah ya wanke 'yata a idon mutane, ya kai ta ɗakinta da mutuncinta, ya sa in gani. In kuma bai ƙaddara in gani ba, Allah ya sa kai ka gani, ka tsaya a matsayin waliyyinta kanka a ɗage. Allah ya ba duk masu wannan ciwo maganin da zai karɓe su, ya ba su mutanen da za su tsaya su saurari bayanin likita har ƙarshe. Amin.

Wassalam.

Matarka har yanzu, tunda ba ka aiko da takarda ba,
Maman Walida,
Badarawa, Kaduna.